Tabo a Idon Auta

Ina danna makunni, 'yata Auta ta turo ƙofar ɗakin aikina.

Wata uku na yi ina haɗa leza, na'ura mai harba haske mai ƙuna. Na ciro diyod shida, wato ƙananan fitilun leza, daga matattun majigi, na jera madubai don haskensu ya taru wuri guda. Har katako yana hudawa. Ƙofar ta bugi teburin, madubi ɗaya ya goce, shuɗin haske ya gilma a ɗakin.

Na fizge wayar daga bango, na juya. Auta na tsaye da kofin ruwan da ta kawo mini. A gurbin idonta na dama babu komai sai baƙin tabo, kamar garwashi ya faɗa a zane.

Na ruga gare ta. Na durƙusa, na kama hannunta.

"Auta, kina ganina? Da zafi?"

"Baba, kana matse mini hannu."

Rashin kukanta ya fi komai tsorata ni. Na ƙwala wa mahaifiyarta kira: "Zo mu tafi asibiti, na ƙona wa yarinya ido."

Ta shigo a guje, ta tallabi fuskar 'yarta, ta duba sosai.

"Wane ido, Baban Auta? Lafiyarta ƙalau."

Na ɗago in nuna mata, sai ga tabon a fuskarta ita ma. Na dubi bango, yana nan. Na rufe idona na dama da tafin hannu, ya ɓace.

"To," na ce da ita a hankali, "duba nawa."