Mai Hatsi da Gindin Adakarsa

Ka ce ka gaji da ganin kanka cikin kaya iri ɗaya, Tanimu, kana ta zaryar shagunan teloli. Zauna. Ga misali, ba kuma zan maimaita ba.

An yi wani mai sayar da hatsi, gwani a sana'arsa. Ba ya barin buhu ya daɗe a ƙasan tari. In sabon gero ya zo sai ya sa a sauke na sama, a jawo na ƙasa a fara sayar da shi, don ya san abin da aka danne aka manta shi ƙwari ke ci. Matarsa ta rasu, aka shekara shida. Tun daga rasuwar, in mai wanki ya kawo kaya sai ya buɗe adaka ya ɗora a sama, da safe ya miƙa hannu ya ɗauki na sama. Na saman kuwa riguna uku ne, duk ruwan toka, da hula guda wadda bakinta ya yi maiƙo. Ya sa, a wanke, su koma sama, ya sake ɗauka. Har kasuwa ta manta sunansa na yanka, kowa sai Mai Toka.

Ana nan sai ya ga wata bazawara mai sayar da man gyaɗa, hankalinsa ya kwanta da ita. Ya je zance sau huɗu. A na biyar ba ta fito ba, gwaggonta ce ta leƙo zaure da saƙo. Ta ce 'yar tata ba ta ƙi shi ba, ba kuma talauci take gudu ba, ai ta ga rumfarsa. Sai dai ta ce ba ta taɓa ganin namiji yana takaba ba sai shi, ita kuwa ba za ta shiga gidan da ba a tashi daga makoki ba. Akwai wani direba da ke nema, ranar Juma'a za ta faɗi wanda ta zaɓa.

Maganar nan ta hana shi sakat. Ya zauna a kan buhu ya tashi, ya shiga rumfa ya fito, mai son dawa ya auna masa gero. Shi a ransa ba makoki yake yi ba, bai ma san yadda aka yi ya zama haka ba. Ya yanke cewa sababbin kaya ne magani, ya bazama. To saura kwana tara Sallah, teloli sun rufe karɓar ɗinki. Wannan ya ce sai bayan Sallah, wancan ko kai bai ɗago daga keke ba. Ya koma wajen masu ɗinkakku, wata rigar ta ɗame shi a hammata, wata ta tsaya masa a gwiwa. Abin haushi, duk yadin da hannunsa ya kai gare shi a kanti, in ya duba, ruwan toka ne. Kwana uku yana wannan yawo, rumfa a rufe.

Ranar Laraba ƙafa ta gaji, ya zube a inuwar mabuga, inda ake bugun shadda. Wani tsohon mabugi ya ajiye tabaryarsa ya dube shi.

"Mai Toka, ina shuɗiyar shaddar nan mai aska biyu da na buga maka shekarar sunan autanka? Ko ita ma ka auna ta da tiya ka sayar?"

Ya miƙe ya nufi gida da rana tsaka, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo adakar ya kife ta kamar yadda yake zazzage buhu. Sai ga shuɗiyar. Ga fara mai aikin zare ruwan ƙasa, ga saƙi, ga kaftani huɗu, ga huluna sun lotse, har da jar dara. Can gindi kuma ga rigar da marigayiyar ta fi so ya sa, asu ya cinye kafaɗarta ta zama rariya. Ya daɗe riƙe da ita. A nan ya gane ashe marigayiyar ce ke juya masa adakar nan duk wata, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka. Shi da ke juya buhunan kasuwa bai taɓa lura ba.

Ya shanya su suka sha iska. Ya shiga gwadawa, wandon wannan da rigar waccan, jar hula a kan farar riga, hular da ya saba kafawa a tsaye ya karya ta gefe. Ranar Juma'a ya sa shuɗiyar ya fita. Maƙwabcin rumfarsa ya yi masa gaisuwar baƙo. A zauren kuwa bazawarar da kanta ta fito, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Aro ne, Malam?"

"Gindin adaka ne."

Ta ce ya turo manyansa.

Daga ranar nan, wankakke ƙasa yake komawa. Amma rigar da asu ya ci ta tafi ke nan, bazawarar ma saura ƙiris ta kuɓuce masa. Shekara shida yana kewaya riguna uku kamar jaki a turke, ba kuwa wanda ya sa masa igiya. Tashi ka je ka kife taka adakar. Hausawa sun riga sun faɗa: sabo turken wawa.