Goge, Na Ce!

"Kai ka ce in sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta, ga shi ko motsi ba ta yi!"

Direkte Munkaila, shugaban makaranta, ya dangwarar da kwamfutar a gaban Ashiru mai gyara. Tun daga Sukukutane ya goyo ta a babur zuwa Dogon Dutsi. Sunayen ɗalibansa tamanin masu jarabawar BEPC yake nema, kuma da azahar ake rufe karɓa.

"Wuta ce ta ɗauke tana tsakiyar aiki, Direkte. Za ta tashi. Kawo kilen USB, ɗan abin adana bayanan nan, in zuba mata sabon BIOS."

Munkaila ya zaro nasa daga aljihu, ya wurga masa.

"Amma sai na goge abin da ke..."

"Goge! Surutu na zo ji?"

Ashiru ya goge, ya zuba, ya soka. Bayan minti goma allo ya kawo haske.

Munkaila ya ture Ashiru, ya duba inda sunayen suke. Wayam.

"Macuci! Ina yarana?"

Sai ya tuna. Jiya, kafin ya fara sabuntawar, shi da hannunsa ya kwashe sunayen daga kwamfutar don kada su salwanta. A kilen nan ya adana su.