Kunun da Ya Ƙona Ƙanwa

"Wash! Yaya, kunun nan ya ƙona min ganɗa!" in ji ƙanwar, tana fifita baki tana dariya.

Tsohuwar yayar ta tsaya da ludayi a hannu. Ranar da soja suka sauka daga mulki ta tako daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, don ta yi wa haƙoran robar ƙanwarta tsiya. Wai garin ƙarfe likita ya cuɗa a robar don zafi ya ratsa, ga su nan toka-toka. Nata haƙoran robar kuwa kyawawa ne, amma tun da ta sa su, ɗumin abinci bai sake taɓa ganɗarta ba.

"Raki dai," ta ce, ta kurɓa.

Baki bai ji komai ba. Sai a ƙirji zafin ya sauka, kuma wallahi ba na kunu kaɗai ba ne, har da na kishi.