Numfashin da Ya Ƙi Fassaruwa

Kakarin da ta ji daga ɗakin mahaifinta ya sa ta saki kofin koren shayinta, ta zura a guje. Tun da aka sallamo tsohon daga asibiti da huhu ɗaya, wannan sautin take tsoro.

Ɗazu ma sai da suka yi cacar baki. Tana fassara wa ɗalibansa Turawa kalmomin busa sarewar gora daga Japananci, ta maƙale a kan "muraiki".

"Baba, in sa 'iska mai ƙarfi'?"

"Fanka kike talla?"

"To, 'numfashi mai kaushi'?"

"Wannan ai ciwon asma ne."

Yanzu ta fizgi ƙofar ɗakinsa, wadda ta takarda ce irin ta gidajen Japanawa, har ta yage.

Yana zaune daram a kan tabarma, sarewar da likita ya hana shi taɓawa tana bakinsa. Ya sake busawa, ta yi ƙugi kamar guguwa a kurmin gora.

Ya sauke ta yana haki, yana murmushi.

"Ga muraiki nan. Fassara."

Ta sulale ƙasa, dariya da hawaye a haɗe.

"Baba, saura ƙiris in fassara shi da 'a kira motar asibiti'."