Layin Da Ke Saman Najeriya

Karo na huɗu ke nan Malama Clara tana hawa benen Barista Nwankwo a Sabon Gari, da fayil mai ruwan ƙasa a hammata. Takardar mutuwar mijinta tana ciki, da ta aurensu, da rantsuwar kotu guda biyu, kowacce da kwafi uku. Malamar lissafi ce, ba ta zuwa ko'ina da takarda ɗaya.

Mijinta Elias ya yi shekara ashirin da shida yana jagorantar mawaƙan cocinsu a Samaru. Waƙoƙin da ya tsara, ɗari da goma sha ɗaya, duk ya rera su da bakinsa ya ɗora a wani dandalin intanet. Wayar da ya ɗauke su da ita ta lalace tun kafin ya kwanta ciwo. Da ya rasu, kamfanin ya rufe shafin, ya ba magada kwana casa'in su kawo hujja, in ba haka ba a goge komai. Saura kwana goma sha ɗaya. Ban da can, babu inda muryarsa ta rage.

"Madam, takardunki ba su da laifi," in ji Barista, yana murza ido. "Kamfanin yana wata ƙasa, na'urorin da ke ajiye waƙoƙin suna wata. Amma a sharuɗɗansu, maganar gado tana bin dokar ƙasar mai shafin. Maigidanki kuma Nijar ya zaɓa, takardun Najeriya ba za su wadatar ba."

"Yatsa ne ya zame. A jerin ƙasashen, Nijar ce a saman Najeriya."

"Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Sai dai kwamfuta ba ta san zamewar yatsa ba."

Ta sauko a hankali, tana dafa bango. Ta san babban yatsan nan, ta san yadda Elias yake danna waya ba tabarau. Wasiƙa biyar ta rubuta wa kamfanin tana bayanin kuskuren. Ta farko aka amsa da godiya. Ta biyu aka tura ta wani sashe. Daga ta uku amsoshin suka koma zuwa da Faransanci.

A cikin keke napep, a hanyar komawa Palladan, ta yi ta jin haushinsa kamar yana raye. Mutum ne da bai taɓa son cike fom ba. Ko fasfo bai yi ba. Shekarar da aka gayyaci mawaƙan zuwa Ghana, ciwon baya ya kawo, ya tura mataimakinsa. Duk wata takarda ta gidan ita ke yi. In dole ta sa ya rubuta lamba, sai ya yi bakwai da sanda a tsakiya, ta yi ta gyara masa kamar ɗan aji ɗaya. Shi kuma ya rama da safe, in ta ɗauki jaka: "Sai kin dawo daga lakwal, Malama." Lakwal wai makaranta ke nan, ya ce a bakin direbobin tasha ya tsinci kalmar.

Ba ta da wani nasa da za ta kira ya taya ta. Ƙauyensu yana can wajen Jibiya, iyayen sun rasu tun yana saurayi, bai taɓa kai ta ba. Ya ce babu kowa, babu abin gani.

Saura kwana shida wasiƙar ƙarshe ta shigo wayarta. Clara ta roƙi Funmilayo, mai koyar da Faransanci a makarantarsu, ta biyo ta gida bayan an tashi. Funmilayo ta zauna a falo ta karanta sau biyu.

"Anti, sun ce ba za su canza ƙasar ba, don mai shafin ya tabbatar da ita da takarda. Amma in kin aika musu wannan takardar tare da ta aurenku, za su ba ki komai. Ga lambarta, dubu biyu da saba'in da bakwai."

"Irin wasiƙar da suke aika wa kowa ce," in ji Clara. "Babu takarda a gidan nan da ban san lambarta ba."

Duk da haka ta ɗauko fayilolin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ta mayar da su yadda suke, ta ɗaure da roba. Ba ta yi kuka ba, gajiya ta fi ƙarfin kukan.

"Shi ke nan," ta ce. "Taya ni jawo ogan ɗin nan. Gobe 'yan coci za su zo su ɗauka, na gaji da ganinsa."

Tsohon ogan ne na kiɗan coci, mai feda, wanda Elias ya zo da shi Zariya tun kafin su haɗu. Suna ja, murfin sama ya buɗe. A cikinsa akwai wata takarda mai rubutun Faransanci da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta a leda an manne da salatif.

"Ta masu ƙera shi ce," in ji Clara. "Ya ce kada a cire, ogan ɗin zai rage daraja. Duk Asabar nake share mata ƙura."

Funmilayo ta sunkuya don ta rufe murfin, sai ta tsaya. Ta daɗe a sunkuye. Ta ɗauko wayar, ta dubi lambar da ke wasiƙar, ta sake duban ledar.

"Anti, za ki samu waƙoƙin," ta ce da ƙaramar murya. "Wannan takardar haihuwar Baba Elias ce, a Maraɗi aka yi ta. Yatsansa bai zame ba."