Ranar da Makau Ya Kife Kwalekwalensa

Ka ce an takura muku da doka a wurin sana'a? To, gyara zama ka ji labarin Makau, wani masunci a bakin kogin Kwara wajen Yawuri. Mutum ne da bai taɓa ɗaukar abokin tafiya ba: shi ke tuƙi, shi ke jefa koma, shi ke jawo ta, abin da ya kamo kuma nasa ne shi kaɗai. Da hannunsa ya sassaƙa kwalekwalen daga gungumen maɗaci tun gemunsa na baƙi, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Kullum sai ya wanke cikinsa fes. Ƙarƙashinsa kuwa, sai dai kifi ya ba da labari.

Wata damina ruwa ya ci masunta biyu, dukansu masu fita su kaɗai, sai Sarkin Ruwa ya tsaurara doka. Dalilinsa a fili yake. In jirgi ya fara yoyo a tsakiyar kogi, mutum biyu ɗaya na tuƙi ɗaya na kwarfe ruwa da ƙwarya. Mutum ɗaya kuwa, in ya saki filafili ruwa ya ja shi, in ya saki ƙwarya ya nutse. Saboda haka duk mai fita shi kaɗai sai ya kife jirginsa a kan yashi an duba. Wanda nasa ya kasa, a haɗa shi da abokin tafiya, abokin tafiya kuwa da kasonsa a kamu. Makau ya ji kamar an mare shi a kasuwa. Shi a ganinsa ba lafiyar kowa ake nema ba, kifinsa ne ya tsone wa mutane ido. Ya zo ranar dubawa don ya kunyata su, ya hana kowa taɓawa, ya sa kafaɗa ya kife jirgin da kansa, ya koma gefe ya harɗe hannu. Sarkin Ruwa, wanda a haife Makau ya haife shi, ya bi katakon yana dannawa da babban yatsa. Daidai inda Makau ke zama, yatsan ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Makau ya tabbata yau sun raba shi da kaɗaicinsa. Amma Sarkin Ruwa ya rufe wurin da tafin hannu, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kawu, wannan jirgin ya yi maka hidima, kai ma ka yi masa. Gyara ka dawo."

Kunya ta kama Makau, amma girman kan da ya kawo shi, shi ya zaunar da shi a kan aikin. Ya fafe ruɓaɓɓen wurin, ya dasa sabon katako, ya cusa tsumma a kowace kafa, ya narka kwalta ya shafe. Da ya dawo, shi da kansa ya kama yatsan Sarkin Ruwa ya ɗora a kan facin, ya ce, "Ranka ya daɗe, danna da ƙarfi." Da kogi ya cika ya batse, ya fita shi kaɗai kamar yadda ya saba. A mashigar duwatsu ruwa ya murɗa jirgin, ya sa hannu biyu a kan filafili ya yi ta fama, bai sami ko damar kallon ƙwarya ba, kuma bai buƙace ta ba. Ya iso gaɓa da giwan ruwa kwance daga wannan bakin jirgin zuwa wancan, ya tsaya ƙirji a buɗe yana jiran ya ji wanda zai ce a yanka masa. Sarkin Ruwa ko kallon kifin bai yi ba. Ya sunkuya ya shafa cikin jirgin, ya ɗago hannu busasshe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai kifinka gida, Kawu."

Shi ya sa Hausawa suka ce: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.