Cin Naman Malama

Shatu ta cusa ɗan ƙullin abduga a kumatu kamar goro, ta ranƙwafa, ta kanne ido ɗaya, sannan ta saki tarin. Tari ne mai hawa-hawa, ya faro daga cibiya ya ƙare da tsartar da yawu gefe. Duk matar da ke ɗaukar karatu a cikin Birnin Damagaram ta san mai shi: Hajja Yagana, malamarsu.

Mata suka zube da dariya, mazarai suka gangara ƙasa. Larai kaɗai ta ci gaba da kaɗinta.

Hajja Yagana tsohuwa ce 'yar Barno, ta je Makka da ƙafarta ta dawo. Kowace hantsi tana koya wa matan aure tsarki da salla da wankan gawa. Wannan na ƙarshe shi ya kawo Larai. Uwarta na kwance a Zermu, ta kuma roƙe ta abu ɗaya: in ta cika, kada a bar ta hannun masu wankan jeka-na-yi-ka, 'yarta ta wanke ta yadda addini ya ce. To, ko yaro ya san wanda aka ci naman malaminsa a gabansa ya yi shiru, albarkar karatu ta bar shi.

Ga shi kullum aka tashi karatu, aka taru kaɗi a tsakar gidan Hajara, naman Hajja ake ci, Shatu ce kuma mahauciyar.

Matar majemi ce, warin jima na riga ta shiga gida. Ita ce ta ƙarshen shiga makarantar, lokacin da mata suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. A gaban Hajja kuwa, ka rantse ba ta iya kashe tururuwa ba: durƙuso har ƙasa, "Allah gafarta Malama" da 'yar murya kamar ta amarya.

"Kun gane?" in ji Shatu da muryar tsohuwar. Ba ta jira ko numfashi ba ta ɗora, "Madalla, mun wuce!"

"Wallahi haka take!" in ji Hajara tana share ƙwalla. "Kafin ki buɗe baki ta kai babi na gaba."

"Rabin fassarar da Barbarci, sai ka ce a Kukawa aka yanke mana cibi."

"Mu na baya tari kawai muke ɗauka. Shi kam mun haddace."

"Wanka kuma da baki ake koyon sa? Ta nuna mana, mu gani!"

Da an kai nan sai Shatu ta koma mazarinta, ta bar su suna yi. In wuta ta fara lafawa ta jefa ɗan kara: "Sai kuma me, 'yan uwa?" Munafuka ke nan, in ji Larai a ranta. Ta kunna, ta koma gefe tana jin ɗumi.

Abin da ya fi ci wa Larai rai shi ne Hajja, baiwar Allah, kullum ƙara wahalar da kanta take saboda su. Ta jawo tabarmarta tsakiyar mata, duk da ciwon gwiwa. Ta koma sai kowace ta maimaita kafin a wuce. In Barbarci ya kufce mata, ta tsaya ta laluɓo Hausarsa. Ran nan har taɓarya ta naɗe da zane, ta kwantar, ta nuna musu yadda ake juya mamaci da inda ruwa ke farawa. Waɗanda suka gudu suka dawo, har da jawo maƙwabta. A tashi kuma, su kwasa sai gidan Hajara, a ɗora daga inda aka tsaya. Tir!

Ranar da tura ta kai bango, Shatu ta waiga hagu da dama kamar ɓarauniya, ta kwance bakin zane, ta ɗebi garin taba na ƙarya ta dunƙula a leɓe, ta lumshe ido don daɗi. Tsakar gida ta kaure. Ba wadda ta taɓa sanin Hajja na cin taba.

Da yammar nan wani mai jaki ya kawo saƙo daga Zermu: jikin uwar Larai ya yi tsanani. Larai ta zauna ta bi wankan a ka, daga farko. Ta kai tsakiya ya watse. Ta sake, ya sake watsewa. Shi ke nan, albarka ta fara tattara kayanta.

Gari na wayewa ta yafa mayafi. A kira ta magulmaciya, a daina gaishe ta, ta ji ta gani. Yau sai Hajja ta san macijiyar da ke durƙusa mata.

Ta ratsa lungunan duwatsu, ta tarar da gidan shiru, ba a ko shimfiɗa tabarmi ba. Ta nufi ɗakin Hajja tana shirya kalmominta. Ta ɗaga asabari, sallama na bakinta.

Hajja Yagana ce tsakiyar ɗaki, ta turo ɗuwawu baya, tana ɗingishi da gangan tana murguɗa baki, tana ce wa Shatu da ke biye da ita: "A'a, 'yar nan, kina yi mini sauƙi! Haka za ki yi shi yau. In ba ki fara yaga ni sosai ba, matan nan ba za su buɗe baki su faɗi inda na ɓata ba."